Fitsarin da ba ya jira: amsoshin tambayoyinku kan sababbin magungunan mafitsara ga maza

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan karon daga dattawa suke ko daga 'ya'yansu, kuma kukan kusan ɗaya ne: fitsari yana matsa mutum ba sallama, yana hana shi barci, yana ɓata masa tufafin salla. Mun bar sunayen magunguna yadda ake rubuta su a jikin kwali don mai karatu ya gane su idan ya gani, ba don ya je kemis ya saya da kansa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 62. Shekara guda ke nan ina shan tamsulosin saboda an ce ina da kumburin furostet. Alhamdu lillahi fitsarin yana fita da ƙarfi yanzu, amma yawansa bai ragu ba. Da na ɗauki buta ko na ji ƙarar ruwan famfo sai ya taho, wani lokaci kafin in kai banɗaki na ɗiga. Ko maganin ne ya daina yi mini aiki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganinka bai daina aiki ba, aikin da ya iya ne ya gama. Mafitsara aiki biyu gare ta: ta tara fitsari ta riƙe, sannan ta matse ta fitar idan an ba ta izini. Furostet kuwa wani ƙullutu ne kamar ɗan goro, yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Mutane da yawa suna kiran su biyun da suna ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Tamsulosin yana sassauta tsokar da ke wuyan mafitsara da cikin furostet, wato ƙofa yake buɗewa. Shi ya sa ƙarfin fitar fitsarin ya dawo. Abin da ya rage maka matsalar ajiya ce: tsokar bangon mafitsara tana zabura ta matse tun ba ta cika ba. Lafiyayyar mafitsara tana ɗaukar mililita 400 zuwa 500, kusan cikin ledar ruwa guda. Taka wataƙila tana ƙararrawa tun a 150.

Kafin a ƙara maka wani magani, ka yi wannan aikin na kwana uku. Ka yanke bakin robar ruwa babba, ka zuba ledar ruwa ɗaya a ciki ka yi alama, ka raba tsawon gida biyar da biro. Kowane layi ya zama kamar mililita 100. Duk lokacin da ka yi fitsari ka yi a ciki, ka rubuta ƙarfe nawa da kuma yawansa, ka rubuta abin da ka sha, har shayi da kunu da fura. Wannan takarda ta fi dogon bayani amfani a gaban likita. Idan ta nuna kana zuwa fiye da sau takwas a yini amma ɗan kaɗan-kaɗan, to mafitsara ce. Idan kuwa kowane zuwa mai yawa ne, jimillar ta haura lita uku, ba a nan gizo ke saƙar ba: a auna suga tukuna.

Sai gwajin fitsari, don a tabbata babu ƙwayar cuta ko jini. Sai abu na uku, wanda aka fi tsallakewa: hoton mara nan take bayan ka gama fitsari, a ga nawa ya rage a ciki. Ga dalili. Akwai mai yawan fitsari saboda mafitsararsa na saurin matsewa, akwai kuma mai yawan fitsari saboda ba ta taɓa zubar da abin cikinta duka, kullum a cike take tana tumbatsa. Kukansu iri ɗaya, maganinsu kishiyoyi. Idan aka bai wa na biyun maganin kwantar da mafitsara, fitsarin na iya tsayawa cak. Ƙa'idar da likitocin mafitsara da yawa ke bi ita ce, idan ragowar ta wuce mililita 150 ba a ba da tsofaffin magungunan riƙe fitsari.

In ragowar kaɗan ce, sai a bar ka a kan tamsulosin ɗinka, a ƙara maka na biyu wanda ke aiki a kan bangon mafitsara: ko dai daga tsohon rukuni, irin su solifenacin da tolterodine, ko daga sabon rukuni, mirabegron da vibegron. Shekarun baya likitoci suna jin tsoron haɗa su ga namiji mai furostet, amma bincike ya nuna cewa idan an tace wanda za a ba, tsayawar fitsari ba ta cika faruwa ba. Har akwai ƙwaya guda da ta haɗa solifenacin miligiram 6 da tamsulosin 0.4.

Tambaya: Ɗana da ke aiki a Ingila ya aiko mini da wani magani, Betmiga, ya ce shi ake yayi yanzu. Ina da hawan jini, ina shan magani. In fara? Kuma me ya bambanta shi da solifenacin da na sha a baya na bari saboda bushewar baki? Daga wani dattijo a Sakkwato.

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka, amma ka dakata sai an ɗaura maka abin awon jini. Betmiga sunan kasuwa ne na mirabegron. An fara amfani da shi a Japan a 2011, Amurka ta amince da shi a 2012.

Bambancinsu a hanyar aiki yake. Jijiyoyin da ke umartar mafitsara ta matse suna aika saƙo ne da wani sinadari, asetilkolin. Solifenacin da 'yan uwansa suna tare wannan saƙo. Matsalar ita ce da sinadarin nan ake umartar yawu ya zubo, hanji ya motsa, gumi ya fito, ido ya daidaita gani. Ƙwaƙwalwa ma da shi take aikin tuna abubuwa. In ka tare shi a wuri ɗaya, ka taɓa sauran. Bushewar bakin da ta kore ka daga nan ta fito, haka ma taurin bayan gida. Mirabegron bai taɓa wannan saƙo ba. Akwai wasu 'yan makullai a jikin tsokar mafitsara da ake kira beta-3, aikinsu su sa ta saki jiki yayin da take cika. Su yake taɓawa, sai mafitsara ta ƙara ɗaukar fitsari kafin ta yi ƙorafi, ƙarfin matsewarta lokacin fitarwa kuma bai ragu sosai ba. Wannan ya sa ya dace da maza masu furostet da kuma tsofaffi.

Nasa aibin shi ne yana iya ɗaga jini kaɗan, wani kuma ya ji bugun zuciya ya ƙaru. Wanda jininsa ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa ba a ba shi sam sai an sauko da shi. Idan naka yana zaune lafiya da magani, ana iya ba ka, a riƙa aunawa, musamman a makonnin farko. Ka kai wa likita duk kwalayen magungunanka, domin mirabegron yana rage saurin da hanta ke narkar da wasu, irin su metoprolol na hawan jini da flecainide na bugun zuciya, sai su taru a jini. Mai shan digoxin, maganin zuciya, shi ma yana buƙatar sa ido. Adadin mirabegron da aka saba shi ne miligiram 50 sau ɗaya a rana, 25 ga mai raunin ƙoda sosai. A haɗiye ƙwayar ɗungurungum da ruwa. Kada a raba ta biyu don ta daɗe, kada a tauna, an yi ta ne ta riƙa sakin magani a hankali cikin yini.

Ƙaninsa vibegron ya zo daga baya: Japan a 2018, Amurka a ƙarshen 2020 da sunan Gemtesa, miligiram 75 a rana. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman ga maza masu wannan matsala da ke kan maganin furostet, bayan an gwada shi a kan maza sama da dubu. Bai cika taɓa hawan jini ba, ba ya rikici da metoprolol, kuma ana iya daka shi ga mai wahalar haɗiya. Sai dai da tsada, kuma samunsa a ƙasashenmu ba kamar na solifenacin ba ne. Ka tambayi kanka ko za ka iya ci gaba da samun maganin kowane wata, don da an daina matsalar take dawowa.

Abu ɗaya kuma kada a yaudare ka: sabo bai fi tsoho ƙarfi ba, sauƙin illa ya fi shi. Mai zuwa sau goma sha biyu a yini yana iya komawa tara ko goma, matsuwar ta yi sauƙi har ya kai banɗaki a tsanake. Wannan shi ne cin nasara a wannan fage. A ba shi mako huɗu zuwa takwas kafin a yanke hukunci.

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da shekara 78. Wani mai kemis ya ba shi oxybutynin saboda yana jiƙa shimfiɗa. Bayan kamar kwana goma sai ya fara surutai, yana kiran mutanen da suka rasu, ba ya gane hanyar ɗakinsa. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce a yi ruƙiyya. Ni dai hankalina na kan maganin. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, hankalinki ya tafi inda ya kamata. A dakatar da maganin, a kai Baba asibiti yau, a tafi da kwalin. Oxybutynin shi ne dattijon tsohon rukuni, na su solifenacin, tun 1975 ake amfani da shi, yana da araha, amma yana shiga ƙwaƙwalwa fiye da sauran. Ga mai shekarun Baba yana iya kawo rikicewa, mantuwa da gane-gane, kuma yawanci suna washewa cikin kwanaki bayan an daina. A lokacin zafi akwai ƙarin haɗari: yana hana gumi, sai jikin tsoho ya ɗau zafi ba hanyar hucewa. A watannin Afrilu da Mayu na ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ki sa hannu ki taɓa mararsa, ƙasa da cibiya. In kin ji ta yi tauri ta kumbura kamar ƙwarya, yana ɗiga amma ba ya iya yin fitsari sosai, to mafitsara ce ta cika ta ƙi fita. Jiƙa shimfiɗa da dare ga tsoho namiji sau da yawa alamar wannan tumbatsa ce, kuma tana iya komawa ta lalata ƙoda ba tare da wani ciwo ba. Idan haka ne, robar fitsari za a sa masa a sauke, a auna aikin ƙoda. Ciwon sanyin mafitsara shi ma yana rikita tsofaffi, don haka a gwada fitsarin.

A duba kuma me yake sha bayan wannan. Maganin mura mai chlorpheniramine ko pseudoephedrine, amitriptyline da ake bayarwa don barci ko ciwon jijiya, da tramadol, duk suna iya ɗaure fitsari ko su ƙara rikicewar. Mai hawan jinin ido irin wanda magudanar ruwan idon ke toshewa shi ma ba a ba shi rukunin su oxybutynin sai likitan ido ya yarda. In daga baya an tabbatar Baba yana buƙatar maganin riƙe fitsari, mirabegron ko vibegron sun fi dacewa da shi. A tsohon rukuni kuwa trospium ne bai cika ƙetarawa ƙwaƙwalwa ba.

Tambaya: Ni da rana lafiya lau nake. Dare ne matsalata: sau huɗu ko biyar nake tashi, kuma kowane tashi fitsari mai yawa. Na sha tamsulosin, na sha solifenacin, ba canji. Ƙafafuna suna ɗan kumbura da yamma. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Malam, ka riga ka faɗi amsar a layinka na ƙarshe. Mafitsararka ba ta da laifi, abin da aka aiko mata take karɓa. Wanda ya yini a zaune a shago ƙafa a ƙasa, ruwa yana taruwa a ƙafafunsa. Da ya miƙe a gado sai ruwan ya koma cikin jini, ƙoda ta tace shi, ya zama fitsarin dare. Ka auna da robar da muka bayyana a sama: ka haɗa duk fitsarin da ka yi bayan ka kwanta har da na farkon asuba. Idan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na fitsarin awa 24, wannan ce matsalarka, kuma ba abin da maganin mafitsara zai yi mata.

A fara da neman dalilin kumburin: zuciya, ƙoda, ko maganin hawan jini irin amlodipine wanda an san shi da kumbura ƙafa. Ka tambayi iyali ko kana minshari mai yankewa, don ɗaukewar numfashi cikin barci tana sa jiki ya zubar da ruwa da dare. Bayan la'asar ka kwanta na minti talatin zuwa awa ɗaya, ƙafa a kan filo sama da ƙirji. Ka rage gishiri da dunƙulen miya a abincin dare, ka tsayar da shan ruwa mai yawa awa biyu zuwa uku kafin barci. In kana shan maganin sa fitsari irin furosemide, likita na iya mayar da shi wajen la'asar, ruwan ya fita kafin ka kwanta.

Akwai magani na wannan, desmopressin, kwaikwayon sinadarin da jiki ke saki da dare don ƙoda ta rage aiki. Sabon samfurinsa ƙaramin adadi ne, maikurogiram 50 ga namiji, ana sa shi ƙarƙashin harshe awa ɗaya kafin barci. Amma ga mai kumburin ƙafa irinka ba a gaggawar ba da shi, kuma mai ciwon zuciya ko raunin ƙoda ba nasa ba ne. Haɗarinsa shi ne jiki ya riƙe ruwa har sodiyam, wato gishirin jini, ya faɗi: ciwon kai, tashin zuciya, rikicewa, har farfaɗiya. Dole a auna sodiyam kafin a fara, a sake cikin makon farko, a sake bayan wata guda, musamman ga wanda ya haura 65. Daga awa ɗaya kafin a sha har awa takwas bayan an sha ba a shan ruwa sai kurɓi. Ka ga ke nan ba ya tafiya da watan azumi, lokacin da duk shan ruwan mutum ya koma dare.

Tambaya: Shekaruna 34, manomin rani ne. Tun ina yaro nake ganin jini a ƙarshen fitsari, yana zuwa yana tafiya. Yanzu ba na iya riƙe fitsari ko na awa ɗaya. Wanne zan saya cikin sababbin magungunan? Daga wani matashi a Kura.

Amsa: Ko ɗaya, ɗan'uwa, sai an duba ka. Wanda ya tashi yana shiga ruwan kwatar noman rani, ga jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ake fara zargi. Tsutsar tana shiga ta fata, tana zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shekara da shekaru bangon ya yi tabo ya ƙanƙance ya daina miƙewa. Ka kai fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwan ya fi fita, a kuma yi hoton mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha bayan an ci abinci. Mai kilo 60 ƙwaya huɗu ke nan masu 600. Yana kashe tsutsar, amma tsohon tabo ba lalle ya goge ba, kuma tsargiyar da ta daɗe tana da alaƙa da kansar mafitsara, don haka in jinin bai tsaya ba sai an leƙa ciki da 'yar na'ura mai kyamara. A shekarunka furostet ba ya cikin lissafi. Abin da ke shiga lissafi shi ne tsukewar bututun fitsari bayan ciwon sanyi da ba a warkar da kyau ba; in fitsarinka siriri ne ko yana rabuwa biyu, ka faɗa wa likita ba kunya.

Tambaya: Maigidana ya fara tamsulosin, tun daga nan ya ce maniyyi ba ya fita kamar da, hankalinsa ya tashi yana so ya bari. Ga shi ba ya rabuwa da goro da shayi. Daga wata uwargida a Kumasi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar masa da hankali. Sanannen abu ne ga tamsulosin, ga ɗan'uwansa silodosin ma ya fi yawa. Ba ya cutarwa, ba rashin ƙarfi ba ne, kuma yana komawa daidai idan an daina. In abin ya dame shi, ko kuna neman haihuwa, likita na iya sauya masa zuwa alfuzosin, wanda bai cika yin haka ba, ko tadalafil miligiram 5 kullum, wanda tun 2011 aka amince da shi don matsalar fitsarin furostet kuma yana taimaka wa ƙarfin namiji. Sharaɗinsa mai tsauri ne: ba a haɗa shi da maganin ciwon ƙirji na rukunin nitrate, irin isosorbide, don jini na iya faɗuwa warwas; ba a kuma haɗa shi da maganin ƙarfin maza na 'yan talla, wanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Idan za a yi masa aikin yanar ido, ya gaya wa likitan ido ya taɓa shan tamsulosin ko da ya daina, domin yana sa bakin ƙwayar ido ya yi laƙwas lokacin aiki.

Goro da shayi kuwa duka suna da caffeine, sinadarin da ke tsokanar mafitsara yana kuma ƙara fitsari. Kada ya yanke rana ɗaya, ciwon kai zai sa ya koma. Ya rage rabi a mako na farko, ya daina daga azahar zuwa dare. Ya koyi jan lokaci: idan fitsari ya matsa, ya tsaya cak ko ya zauna, ya matse tsokar da ake riƙe tusa da ita sau biyar ko shida da sauri, matsuwar za ta lafa, sannan ya tafi a hankali. Kowane mako ya ƙara minti goma zuwa goma sha biyar tsakanin zuwa da zuwa, har ya kai awa uku. Idan an yi wannan, an gwada magani biyu daga rukuni daban-daban na wata biyu zuwa uku kowanne ba biyan buƙata, akwai allurar Botox, mai kwantar da tsoka, da ake yi a bangon mafitsara ta cikin 'yar na'ura mai kyamara, raka'a 100, tana riƙewa kamar wata shida zuwa tara. Kafin a yi ta sai an tabbata zai iya koyon sa wa kansa siririyar robar fitsari, don wasu mazan sukan buƙace ta na 'yan makonni bayan allurar.